Ina amarya za ta zauna kafin biza ta fito?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya ƙoƙari? Ina roƙon a sakaya sunana.

Ni amarya ce a nan Kano, ba a daɗe da ɗaura mana aure ba. Maigidana yana zaune a Manchesta ta ƙasar Ingila, ma'aikacin jinya ne a wani asibiti, kuma ya samu takardar zama ta dindindin. Ya zo aka yi biki, muka yi 'yan makonni a gidan da wani abokinsa ya ba mu aro, hutunsa ya ƙare ya koma. Ba a yi mini jere ba, tunda kowa ya san tafiya zan yi. Yanzu muna haɗa takardun biza, amma maganar inda zan zauna kafin ta fito ta hana ni barci.

Hajiyarsa ta ce matar aure ba ta zama a gaban iyayenta, in tattaro in dawo gidansu. Gidan babba ne na gado a cikin gari, sai dai akwai ƙannensa maza biyu da ba su yi aure ba, ga matar wani wansa da 'ya'yanta. Ɗakin da za a ba ni shi ne nasa na samartaka, a bakin zaure, banɗaki kuma na kowa da kowa ne. Mamata ta ce ba inda zan je. Babana ya yi shiru, amma na ji yana ce wa Mama shi ya riga ya aurar, ba ya son a ce ya riƙe matar mutane. Shi maigidan, da ya ga abin zai zama rigima, sai ya ce ko ya kama mini haya in zauna ni kaɗai. Ina koyarwa a wata makaranta kusa da gidanmu.

Sai matsala ta biyu. A can ɗaki ɗaya gare shi, a gidan da suke haya shi da abokansa uku. Yana da wa a Bradford mai mata da 'ya'ya uku, gidansa ɗaki uku da falo. Ya ce za mu sa adireshin wan nasa a takarda don a ga gida mai faɗi, in na iso sai mu san yadda za mu yi. Anti, hankalina bai kwanta da wannan ba. Ki ba ni shawara.

Wata amarya, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya albarka a wannan aure, ya kawo ƙazantar ɗaki.

Duk mutanen da kika lissafa, daga Hajiya har Mamanki, suna magana ne kamar zaman kwana arba'in za ki yi. Ba haka ba ne, kuma gara ki sani tun yanzu. Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya ta ce takan yanke hukunci kan bizar matar aure cikin mako 12 ga wadda ta nema daga waje, amma lissafin ba ya farawa sai ranar da kika je aka ɗauki hoton yatsunki. Kafin wannan rana akwai jarrabawar Turanci ta matakin A1, wato matakin farko, domin Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka ɗauke wa, sai dai in kina da digirin da aka yi da Turanci kuma Ecctis, hukumar da ke tantance takardun karatu a Birtaniya, ta tabbatar da shi. Akwai gwajin tarin fuka a asibitin IOM, hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a Abuja ko Legas, wanda takardarsa wata 6 kawai take yi. Akwai takardun albashin maigidanki na wata 6 a jere, da za su nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara. Da fam 18,600 ne, aka ɗaga a watan Afrilun 2024. Ga kuɗin bizar kanta, kusan fam 2,000, ga kuɗin lafiya fam 1,035 na kowace shekara, kuma na shekara uku ake biya a dunƙule, fam 3,105. Mai albashi ba ya tara wannan a wata guda, balle wanda bai daɗe da sauke nauyin lefe da biki ba. A 2022, da yaƙin Yukiren ya ɓarke, mako 12 ɗin nan sai da ya koma 24. In kuma aka hana bizar saboda wata takarda ɗaya da ta gaza, an koma gidan jiya. Don haka ki zaɓi wurin da za ki iya shekara a cikinsa ba ki rame ba. In ta fito kafin nan, alhamdulillahi.

Masauki haƙƙinki ne a kan mijinki, ba a kan Babanki ba, ba kuma a kan Hajiya ba. Tunda an ɗaura aure kun tare, ko da a gidan aro ne, ci da sha da sutura da makwanci duk sun hau kansa. Malamanmu na Malikiyya sun faɗa a sarari cewa mace tana da damar ƙin zama a haɗe da dangin miji, in ban da 'yan wurare, kamar in an gindaya mata sharaɗin haka tun wurin ɗaurin aure. Hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira ɗan'uwan miji mutuwa kuwa yana nan cikin Bukhari da Muslim. Ba na zargin ƙannen mijinki da komai, wataƙila yaran kirki ne. Amma ɗaki a bakin zaure inda abokansu ke shige da fice, da banɗakin da sai kin ratsa tsakar gida da ɗaurin ƙirji da tsakar dare, alhali mijin yana wata uwa duniya, wannan ba wurin ajiye amarya ba ne. Wadda mijinta ke gari, in an ɓata mata rai da rana, da daddare tana da wanda za ta faɗa wa, shi kuma kafin ya fita da safe ya san yadda zai gyara. Ke kuwa waya za ki ɗauka, Hajiya ma ta ɗauki tata, facalarki ta guntsa wa nata mijin, shi bawan Allah ya fito daga aikin dare ya tarar da ƙara uku na jiransa a WhatsApp. Na ga auren da ya fara tsami tun amarya ba ta hau jirgi ba, ba don akwai mugu a gidan ba, sai don an zauna a haɗe babu mai raba gardama.

Shawarata ki zauna a gidanku. Amma ba irin zaman da kike yi yanzu ba, wanda ba wanda ya zauna ya tsara shi.

Damuwar Babanki tana kan hanya. Dattijo ne, ya karɓi sadaki a gaban jama'a, ba ya son ya fito masallaci a tambaye shi ko lafiya ya ga amarya a gida. Maganin wannan a hannun dangin mijinki yake. Wanda ya karɓa masa aure, baffansa ko kawunsa, ya ɗauki wani dattijo su zo su samu Babanki, su ce matarsu ce, suna roƙon alfarma ta zauna a wurinku har takardunta su fito, ɗawainiyarta kuma a kansu. Da wannan zama ɗaya maganar ta tashi daga riƙe matar mutane ta koma ajiya, kuma Babanki ya samu abin faɗa wa duk mai tambaya. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mace na zuwa goyon ciki da wankan jego ta yi watanni a gaban iyayenta, ba wanda ya taɓa cewa aurenta ya girgiza, saboda kowa ya san da yardar miji ta je.

Wanda zai shawo kan Hajiya kuwa ɗanta ne. Ke kada ki ce uffan, Mamanki ma haka. Kuma ki ja masa kunne cikin lalama kada ya kuskura ya ce mata ke ce ba kya so. Ya ce shi ya yanke, saboda makarantar da kike koyarwa tana kusa da gidanku, kuma ba ya son a takura wa ƙannensa a gidan ubansu. Duk gaskiya ne. In ya jingina ƙin a kanki, Hajiya za ta ƙullace ki har ki yi jikoki.

Ki kuma yi wa Hajiya adalci a zuciyarki. Ta haifi ɗa, ta yi wahalarsa, ya tafi Turai, tana ganinsa sau ɗaya a shekara in ta yi sa'a. Ta yi hidimar biki, sai ga shi amaryar ko ruwan shayi ba ta taɓa dafa mata ba za ta bi shi. Abin da take tsoro shi ne ɗan ya zama na dangin matarsa. Irin wannan tsoro ba a kwantar da shi da hujjar fiƙihu. A tsayar da rana, misali kowace Asabar tunda kina aiki, ki je ki wuni, ki shiga kicin tare da ita, ki sa ta koya miki miyar da ɗanta ke so ko da kin fi ta iyawa. In sha'ani ya tashi a dangi, suna ko biki ko rasuwa, a gan ki cikin matan gidan, ki yi anko da su, ki ɗauki tsintsiya. Wani lokaci ki kwana, a ɗakinta ita, ba na zaure ba. Da a ce gidan yana da wani sashe mai ƙofarsa da banɗakinsa, da na sake lissafi, amma ba shi kika kwatanta mini ba.

Gidanku ma yana da nasa tarkon. Yarinyar da ta koma ɗakin da ta tashi takan manta ta yi aure, mutanen gida ma su manta. Sai a ci gaba da aikenta kamar da, ƙawaye su zo a fita gidan biki ba a tambayi miji ba, tsohon saurayi ya samu fuskar gaisuwa a ƙofar gida. Ki toshe waɗannan da kanki. Ki nemi ɗaki naki ke kaɗai, ko da ƙannenki za su matsa, domin yanzu rabin aurenki a waya yake, kuma ba a hira da miji ƙanwa na gefe tana kasa kunne. Allah ya taimake ku, agogonmu da na Ingila ɗaya ne daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin ma awa ɗaya ce tsakani. Aikin dare ne kawai zai riƙa ɓata muku lissafi. Abin da ya faɗa miki a waya kuma ba na Mama ba ne, duk kusancinku.

Kuɗin cefanenki ya riƙa turo shi kowane wata ta banki, cikin asusun da ke da sunanki. Ba ta hannun Hajiya ba, ba ta hannun abokin da ke canji a Wapa ba. Ki cire wani abu ki sa a tukunyar gida, don kada ki zama kaya a kan Babanki. Wannan yana da amfani biyu, domin jami'in biza yana neman shaidar cewa auren na gaske ne kuma yana raye, ita kuwa takardar banki mai nuna miji yana ciyar da matarsa wata bayan wata ta fi hotunan kamu da na dina nauyi a wurinsa. Adireshin da kike kwana a cikinsa shi za ki rubuta a fom, shi za ki bayar a asibiti da banki. Takardar aurenku in da Hausa ko Larabci aka rubuta ta, sai an fassara ta zuwa Turanci, mai fassarar ya sa sunansa da hannunsa da kwanan wata.

Hayar zama ke kaɗai ban goyi bayanta ba. Kuɗin shekara ake biya a dunƙule, ga na dillali, ga gado da katifa da tukwane, ga wuta da ruwa, duk a daidai lokacin da yake neman fam dubu biyar na biza. In ta fito a wata na biyar, sauran hayar ta bi ruwa. Ga bakin unguwa a kan amaryar da ke kwana ita kaɗai. Sai dai in gidajen biyu sun gagara zama, nan ma da wata gwaggo ko ƙanwa a tare da ke.

Ki ce wa Mama ta riƙe kuɗin kayan ɗaki. Kada a biye wa masu cewa sai an yi jere ko don idon mutane. Kujerun da za a kulle a ɗaki ƙura da gara su ci ba su amfani kowa ba. Gidajen haya da yawa a can da kayansu ake kama su, kuma akwati biyu jirgi zai bar ki ki ɗauka. Kuɗin zai fi miki amfani wurin tikiti da rigunan sanyi.

Yanzu mu ƙetara can, inda hankalinki bai kwanta ba, kuma ya yi daidai da bai kwanta ba.

Mutanenmu da yawa suna zaton sai an nuna gida sukutum kafin a ba da biza, shi ya sa suke aron adireshi. Dokar ba ta nemi haka ba. Abin da ta nema masauki ne da ya wadatar, wanda ba za ku dogara da tallafin gwamnati wurin biyansa ba, babu cunkoso, bai saɓa ƙa'idar lafiya ba, kuma akwai ɗakin kwana da ku biyu kaɗai ke da shi. Kicin da banɗaki da falo ana iya haɗawa da wasu. Cunkoso kuma ba da ido ake auna shi ba, da dokar gidaje ta 1985 ake aunawa. Ana ƙirga ɗakunan kwana da falo, ban da kicin da banɗaki. Ɗaki 1 mutum 2, ɗaki 2 mutum 3, ɗaki 3 mutum 5, ɗaki 4 mutum 7 da rabi, ɗaki 5 mutum 10. Jaririn da bai shekara ba ba a ƙirga shi, yaron da bai kai 10 ba rabin mutum ne. Gidan wan mijinki ɗaki uku da falo, wato huɗu ke nan. Ko da duk yaran uku sun haura shekara 10, da ku biyu mutum bakwai ne, in ɗakunan ba ƙanana ba ne sosai gidan ya cika ƙa'ida.

To amma fom ɗin ba tambaya yake ko danginku suna da gida mai faɗi ba, tambaya yake ina za ku zauna. Takardun albashin mijinki da na bankinsa da wasiƙar wurin aikinsa duk Manchesta za su nuna. Jami'in da ya ga gida a Bradford yana iya neman bayani, yana iya kiran ɗayanku ya tambaya. Wan nasa kuma sai ya rubuta wasiƙa ya sa hannu cewa a gidansa za ku zauna, in haya yake sai mai gidan ma ya yarda a rubuce. Kin ga an jawo mutum biyu sun sa hannu a kan abin da ba za a yi ba. In an gano, ba hana biza kawai ba ne, tabo ne da zai bi takardunki. Kuma wannan biza ta wata 33 ce. In kin zo sabuntawa za a nemi wasiƙun da suka zo muku ku biyu a adireshi ɗaya, don a ga tare kuke. Mutum ya yi niyyar zama a wuri daga baya hali ya canza, wannan ba laifi ba ne. Shirya ƙarya tun daga farko daban ne, kuma babu ma buƙatarta.

Ɗakinsa na yanzu, a takarda, yana iya wucewa in mai gidan ya yarda. Sai dai da wuya ya yarda. A Ingila, tun 2018, gidan da mutum biyar ko fiye waɗanda ba iyali ɗaya ba suke zaune dole sai da lasisin ƙaramar hukuma, kuma ɗakin da manya biyu za su kwana kada ya gaza murabba'in mita 10.22, kamar ƙafa 10 da 11. Su huɗu ne yanzu, ke ce ta biyar. Ko ma ya yarda, ni ban yarda ba. Kin guje wa samari biyu a Kano, sai ki je ki haɗa kicin da banɗaki da gwauraye uku, mijin yana aikin dare?

Zama a Bradford da gaske ba laifi ba ne, in da gaske ɗin ne. Tsakaninsa da Manchesta kamar awa ɗaya ne a jirgin ƙasa. Gari ne mai Musulmi da yawa, ga masallatai ga naman halal, kuma matar wan nasa za ta nuna miki yadda ake shiga bas, yadda ake rajista da likita, inda ake samun manja da garin tuwo. Mace sabuwar zuwa cikin sanyin Disamba, rana na faɗuwa tun ƙarfe huɗu, tana buƙatar 'yar'uwa kusa fiye da yadda take zato. Amma a sa wa zaman wa'adi tun ba ki taso ba, wata uku ko huɗu, a faɗa a gaban kowa. Zo mu zauna zo mu saɓa ba ta san Turai ba. Shi kuma ya auna ko zai iya wannan zirga-zirga bayan tsayuwar awa goma sha biyu a asibiti.

Abin da na fi so, in aljihu zai ɗauka, ya saki ɗakin gwaurayen ya kama ɗaki da falo kusa da wurin aikinsa kafin ku tura takardu, ya koma ciki da kansa. Ba ya biyan haya biyu, adireshin gida da na albashi sun zama ɗaya, kuma ya samu lokacin sayen tukunya da labule kafin ki iso. Kuɗin ajiya da mai gida zai karɓa doka ta taƙaita shi tun 2019, ba ya wuce hayar mako biyar a irin wannan gida. Ya faɗa wa mai gidan tun farko cewa matarsa na tafe, ya karɓi wasiƙa a kan haka ya haɗa da yarjejeniyar haya. Ya kuma sani cewa ragin kashi 25 cikin ɗari na harajin gida da ake yi wa mai zama shi kaɗai zai tsaya ranar da kika shigo, sai ya sanar da ƙaramar hukuma. Rahoton duba gida daga mai auna gidaje ba dole ba ne, amma in gidan haɗaka za ku nuna, kamar na Bradford, yana rufe bakin tambaya.

Za ki ji masu cewa ki nemi bizar ziyara ki tafi, in kin shiga sai a juya ta. Ba a juyawa. Wadda ta shiga da bizar ziyara sai ta dawo gida ta nemi ta aure daga nan.

Ban ga kin ambaci ciki ba, amma amarya ce ke. In ya samu, ki faɗa a asibitin gwajin tarin fuka kafin a ɗauki hoton ƙirji. Akwai zaɓin gwajin majina, sai dai sakamakonsa kan kai mako 8, a sa shi cikin lissafi. Tunda mijinki takardar dindindin gare shi ba fasfo ba, ɗan da kika haifa a Kano sai an nema masa tasa bizar da nasa kuɗin, wanda kika haifa a can kuwa ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwa. Kamfanonin jirgi kuma ba sa ɗaukar mai tsohon ciki. In abin ya zo da haka, zamanki a gaban Mama ya ƙara samun hujja, Hajiya da kanta ba za ta ja ba.

TAMBAYA

Hajiya barka da aiki. Ni mutumin Zariya ne, ina Landan, ina da fasfon Birtaniya. Na yi aure a gida, kuma nisan nan yana damuna ƙwarai, ita ma kullum cikin kuka take. Ina da ɗan abin da na tara. Ina tunanin in ajiye aiki in dawo mu kama gida mu zauna tare har bizarta ta fito, sannan mu taho tare in nemi wani aikin. Ita ma tana aikin banki, albashinta ba laifi. Me kika gani?

Wani ango, Landan

AMSA

Ɗana, Allah ya saka maka da wannan tausayi, amma kada ka ajiye aikin nan. A kansa bizar take tsaye. Albashin matarka na banki, komai kyansa, ba ya shiga lissafi in daga waje take nema; naka ake dubawa. In kuma da ajiya kaɗai za ka dogara, sai ta kai fam 88,500, ta kuma yi wata 6 a asusu ba ta ragu ba. Abin da bai haura fam 16,000 ba ko kallonsa ba a yi. Ka duba abin da ka tara ka gani ko ya kai nan. Akwai hanya ga wanda ke zaune a waje zai koma tare da iyalinsa, amma ita ma sai yana da aiki a wajen mai albashin da ya kai ma'auni, da kuma takardar ɗaukar aiki a Birtaniya da zai fara cikin wata 3 da komawa. Wanda ya ajiye aiki ya zo zaman amarci ba shi da ko ɗaya. Za ku zauna tare, haka ne, amma in ka koma sai ka sake tara takardun albashi kafin a fara magana, nisan da kake gudu ya ninku.

Ka yi aiki da hutunka. Doka ta ba mai cikakken aiki a can kwana 28 a shekara da albashinsa. Ka raba shi. Kashi ɗaya ka zo lokacin da za ta je Abuja gwaji da hoton yatsu, ka raka ta, ku kama masauki mai kayansa na 'yan kwanaki ku zauna ku biyu, ba gidanku ba, ba gidansu ba. Ka adana tikitin jirgi da hatimin shiga da fita na fasfonka, suna cikin shaidar da za ka haɗa. Hutun da babu albashi ka yi hattara da shi cikin wata shidan da za ka nuna, yana iya jawo lissafinka ƙasa. Sauran kwanakin ka ajiye su sai ta iso, domin makon farko ba a barin baƙuwa ita kaɗai a ɗaki a Landan ba ta san ko yadda ake kunna na'urar ɗumama gida ba.